Baba, to ina za mu je?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan La'asar, ina zaune a dakalin ƙofar gida, ruwan da aka sheƙa da hantsi bai gama tsanewa ba. Yaran layinmu su wajen goma sha biyu suka fito da wata ƙwallo da ta sha ɗinki, suka jera silifa biyu nan biyu can a matsayin raga, suka rabu gida biyu, masu riga da masu tsiraicin baya. Ba a yi minti biyar da take wasa ba sai ga a-daidaita-sahu, aka tsaya ya wuce. Aka ci gaba, sai ga mai kurar ruwa, aka sake tsayawa. Can ƙwallo ta faɗa kwata. Ƙaramin cikinsu ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin baƙin ruwan nan ya ciro ta, ya goge a wando. Bugun da ya biyo baya kuwa ƙyauren wani dattijo maƙwabcinmu ya samu, ƙara kamar an fasa taya.

Dattijon ya fito da carbi a hannu, ransa a ɓace. Ya yi faɗa, kuma yana da gaskiya, domin yana da mara lafiya kwance a ɗaki. Da ya numfasa, sai babban cikin yaran ya rusuna ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba. To ina za mu je?"

Dattijon ya ɗaga hannu zai nuna gabas. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali. Ya ce, "Ku dai yi a hankali, 'ya'yan nan," ya koma ciki. Na san inda ya so nunawa. Filin da ya yi tamaula yana saurayi ne, nan ni ma na koyi langa, na fasa babban yatsa sau ba adadi. Yau gidan mai ne da jerin shaguna.

1. Mun san hurumi tun kafin zuwan Bature

Wasu na ɗaukar maganar wuraren shaƙatawa a matsayin baƙon abu, irin na mutanen da suka ƙoshi. Ba haka ba ne. Babu garin Hausa na asali da ba shi da dandali, inda 'yan mata ke gaɗa a farin wata, samari ke kokawa bayan an kawar da amfanin gona, 'yan tashe ke haɗuwa da azumi. Muna da kalma ta musamman ga ƙasar da ba ta mutum ɗaya ba ce: hurumi. Filin idi hurumi ne, maƙabarta hurumi ce, haka burtali da makiyaya da bakin kududdufi. Dagacin da ya sayar da hurumi ya jawo wa kansa abin faɗi har jikoki. Birnin Kano kansa, waɗanda suka gina badala ba su matse ta a jikin gidaje ba. Sun bar sarari mai yawa a ciki, gonaki da fadamu, don ranar da za a rufe ƙofofi.

Abin da ya sauya shi ne idon da muke kallon ƙasa da shi. Yanzu duk wanda ya ga fili babu gini, fuloti nawa zai fita yake lissafawa. Aka cike kududdufai aka yi gidaje, ruwan sama ya rasa masauki ya koma kwana a ɗakunan mutane. Unguwannin awon igiya da suka yi wa birni zobe, dillali ya yanka su har bakin layi, da ƙyar ake barin masallaci, balle filin yara. A irin wannan unguwa aka haifi mafi yawan yaran Kano na yau.

2. Yadda fili ke mutuwa

Ba a wayar gari a sayar da filin jama'a yana cike da mutane. Kashe shi ake fara yi, kuma kisan yana da matakai da duk mazaunin birni ya sani.

Da farko famfon da ke ba shukoki ruwa zai lalace, a rubuta takarda, a ce babu kuɗi. Mai gadi zai yi ritaya, ba a ɗauki wani ba. A sace ƙwan fitila, sannan wayar, sannan turken. Wata rana maƙwabci ya zubar da shara a lungu ɗaya, bayan wata uku ta zama bola. Awaki su cinye dashen darbejiya. Daga nan mata su daina kai yara, domin wurin ya koma matattarar masu shaye-shaye. To a nan ne mai kuɗi zai bayyana da takarda a hannu, ya ce zai raya wurin. Mutanen unguwa da kansu za su ce gara a gina, ko ma huta da 'yan daba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan ba ta kai kuɗin gyaran famfo ɗaya ba a ranar da ta fara.

Wannan ne ya sa nake ganin muna kuskuren fahimtar matsalar. Kullum kukanmu a gina sabon wurin shaƙatawa. Gwamnatoci ma sun fi son haka, domin sabon aiki yana da kwangila, yana da allon suna, yana da ranar yanke ƙyalle. Albashin mai ban ruwa da kuɗin man injin yankan ciyawa ba su da bikin buɗewa. Alhali lambu ba gada ba ne da za a gama a tafi. Kamar dabbar turke yake: ranar da ka daina ba shi ci da sha, ranar ya fara ramewa. Duk gwamnatin da za ta kashe naira ɗari wajen kafa lambu, in ba ta tanadi abin kula da shi na shekara goma ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mun ga ɗaya ƙarshen labarin a watan Yunin 2023, lokacin da sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fara rusau daga wani bene a Filin Sukuwa, har ta kai ga shagunan da aka gina a Filin Idi a zamanin Ganduje. Jama'a sun rabu biyu, kowa da jam'iyyarsa. Babbar kotun tarayya ta yanke diyyar naira biliyan 30 ga masu shagunan Filin Idi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an yi asara sau biyu: dukiyar 'yan kasuwa ta zama ɓaraguzai, baitulmali kuma ya biya. Da akwai dokar da ta sa sayar da irin wannan fili ya fi ƙarfin sa hannun mutum ɗaya, da ba a kai ga ginin ba balle rusau. Kuma katafila ba ta mayar da fili ya zama na jama'a. Abin da ke yin haka shi ne a ga yara a cikinsa kowace yamma.

3. Wuyan wa alhakin yake?

Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa lambuna da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a layi ɗaya da tituna da fitilu da magudanan ruwa. Amma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar birane a hannun gwamna. Ke nan mai aikin kula daban, mai ikon bayarwa daban. Ga hukumar tsara birane, ga ma'aikatar ƙasa, ga ta muhalli, ga ta matasa da wasanni. Cikin ƙwaryar birnin Kano kaɗai ƙananan hukumomi takwas ne. Je ka tambayi wanda ke da alhakin filin unguwarku, za ka sha yawo daga ofis zuwa ofis har takalminka ya cinye.

A watan Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk yadda aiwatar da hukuncin ya kasance, ya ba mu ƙofar tambaya. Kowane ciyaman ya kamata ya iya fito da jerin filayen jama'a da ke yankinsa, da faɗinsu, da sunan ma'aikacin da ke riƙe da kowanne, a liƙa a sakatariya da ƙofar hakimi. Abin da ba a rubuta ba, ranar da ya ɓata ba mai shaida.

Masu cewa irin waɗannan wurare ba sa kawo ko kwabo, su je Gidan Zoo ranar yawon Sallah. Tun zamanin Audu Bako, farkon shekarun 1970, aka kafa shi, kuma har gobe shi ne wurin da talaka ke iya kwasar iyalinsa ya kai. Layi kan miƙe har titi, yara da sabon ɗinki da lalle, kowa da 'yar canjinsa a hannu. A watan Yunin 2019, kuɗin ƙofa na kwanakin ƙaramar Sallah da aka ce sun ɓata sun kai naira miliyan 6.8, har 'yan sanda suka shiga maganar.  Ni adadin na riƙe: 'yan kwanaki kaɗan, daga aljihun talakawa. Da irin kuɗin nan na komawa ga wurin da ya samar da su, a fili, kowa na ganin lissafi, da abincin dabbobi da ban ruwan itatuwa ba su zama abin roƙo ba. Shi ya sa ban ji daɗi ba a 2020 da aka sanar da shirin mayar da gidan zuwa Tiga. Tafiyar fiye da awa guda ce a mota. Mai yara bakwai da ke zuwa a a-daidaita-sahu ɗaya, an sallame shi ke nan.

Akwai abin koyi a Alƙahira, birnin da ya fi namu cunkoso. A gefen tsohon gari akwai wata bola da aka shafe shekaru kusan 500 ana zuba mata shara. Gidauniyar Aga Khan ta kwashe ta, ta mayar da wurin lambun Al-Azhar mai faɗin hekta 30, aka buɗe a 2005. Garin haƙa aka tono ganuwar zamanin Salahuddin da shara ta binne, aka gyara ta, aka koya wa matasan unguwar aikin gini da sassaƙa. Ana karɓar kuɗin shiga, da su da kuɗin gidajen abincin da ke ciki ake riƙe wurin. Duk lokacin da na bi ta gefen abin da ya rage na badalarmu, na ga leda da kashin awaki, sai wannan lambu ya faɗo mini.

4. Filin golf: kada a yanka, a buɗe ƙofa

Nan ne zan saɓa da abokaina da yawa. In aka ambaci ƙwallon lambu, wato golf, abin da ke zuwa ran mutum shi ne manya masu farar hula suna tafe yaro na biye da jaka. Filin mai ramuka 18 kan ci gomman hektoci a tsakiyar gari, masu buga shi kuwa ba su taka kara sun karya ba. Turawan mulki ne suka kawo shi don kansu, kulob ɗin Rayfield na Jos ma tun 1913 yake. Don haka in wani ya ce a yanka filin golf na Kano a raba wa mutane, zai sami masu tafa masa.

Ni ba na ciki. Na farko, mun san waɗanda ke samun fuloti in an yanka irin wannan wuri, kuma ba yaran layinmu ba ne. Na biyu, filayen da Turawa suka keɓe wa wasanninsu, na golf da na sukuwa da na ƙwallon dawaki, su ne kusan manyan sarari na ƙarshe da suka rage a Kano da Kaduna. Itatuwan da ke cikinsu sun girmi iyayenmu. A watan Afrilu, in zafi ya haura digiri 40, bi ta gefensu da yamma ka ji yadda iska ke sauyawa a fatarka. Da damina kuma ƙasarsu ce ke shanye ruwan da siminti ya ƙi karɓa. Maɗacin da ya shekara tamanin, awa guda ta isa a kayar da shi, amma babu kuɗin da zai sayo wani irinsa.

Sai dai kare filin yana da sharaɗi. Ƙasar da ake riƙe wa al'umma ba ta zama ta mutum ɗari biyu su kaɗai ba. A Sent Andurus ta ƙasar Sikotilan, inda ake ɗauka a matsayin mahaifar wasan, inda ƙa'idar ramuka 18 ta samo asali a 1764, tsohon filin ƙasar jama'ar gari ce. Mafi yawan ranakun Lahadi ba a buga wasa a kansa. Mutanen gari ne ke shiga da iyalansu su yi yawo, su shimfiɗa su ci abinci. In mafi daraja a duniya ya iya haka, namu ba su da hujja. A ware yini guda a mako, ko da safiya ce kawai, ga ɗaliban firamare da malamansu. A buɗe hanyar tafiya a gefen shinge ga masu ciwon suga da hawan jini da likita ya ce su riƙa tattaki amma babu inda za su taka sai bakin titi. Yaran da ke ɗaukar jaka, waɗanda sun san kowane tudu da kwari na filin fiye da masu shi, a ba su sanda da lokacin atisaye da kuɗin makaranta. Kuma a daina kwaikwayon ciyawar ƙasashen sanyi a garin da mata ke sayen ruwa jarka-jarka. Tsoffin filayen Arewa da rairayi aka san su a bakin rami, kuma an buga wasa mai kyau a kansu.

Wannan ma kariya ce ga 'yan kulob ɗin kansu. Ranar da mai son yanka filin zai zo, kuma zai zo, mutanen da suka taɓa shan inuwarsa ne kaɗai za su fito su ce a'a. A Nairobi, a 1989, Wangari Maathai ta tsaya kai da fata ta hana a gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru, a zamanin da ja da gwamnati ke kai mutum kurkuku. Ta sami magoya baya ne domin lambun na kowa ne, kowa yana da abin tunawa a cikinsa.

5. Dogon hutu

Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, makonni shida ko fiye, miliyoyin yara suna gida. A ƙauye, hutun nan kan zo daidai lokacin da damina ke buƙatar kowane hannu a gona. Yaron birni ba shi da gona. Mai hali yana biyan kuɗin lasin, a mayar da yaro aji ɗaya da wanda ya fito, a ci gaba da cusa masa lissafi. Wani ya kai nasa garejin makaniki ko shagon tela, kuma wannan abin yabo ne. Akwai Islamiyya da yamma ko da safe. Duk da haka, sa'o'i biyar ko shida na rana suna nan fanko, kuma a cikinsu ne yaro ke haɗuwa da abokin da zai fara miƙa masa kwalba. A cikinsu ne kuma, duk damina, muke jin 'yan kwana-kwana sun ciro gawar yaro daga kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasar bulo. Yaro zai nemi ruwa ko an hana shi. Abin da ba mu yi ba shi ne koya masa iyo a inda akwai babba a tsaye.

Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. Muna kashe kuɗi wajen kame da gidajen gyaran hali. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shirin hutu ba ya buƙatar biliyoyi. Kusan kowace mazaɓa tana da firamaren gwamnati mai fili, a kulle tsawon hutun. Akwai malaman motsa jiki, akwai 'yan hidimar ƙasa, akwai 'yan agaji da 'yan sikawut, akwai tsoffin 'yan ƙwallo da ke zaune a majalisa babu abin yi. Mun iya shirya gasa: musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa tun 1986 take gudana daga matakin ƙaramar hukuma har sama, gasar Ramat ta matasa ma ta daɗe ana yin ta a Kano. Abin da ake bukata shi ne a sauko da wannan ƙwarewa zuwa unguwa. Gasar ƙwallo tsakanin layi da layi, langa, kokawa, dara, tseren keke, dashen itace da kowane yaro zai san nasa ya riƙa ba shi ruwa.

Ina so in tsaya kan 'yan mata, domin duk lokacin da aka ce filin wasa, maza ake nufi. Yaron da na ba da labarinsa ko ba komai yana da titi. Ƙanwarsa ba ta da ko wannan. Daga wanke-wanke sai talla sai waya. Iyaye ba za su saki 'ya'yansu mata zuwa wurin da babu katanga, babu banɗaki, babu mace babba mai sa ido ba, kuma suna da gaskiya. To a ba su abin da suke nema: ranakunsu daban, malamai mata, ƙofa a rufe, a tashi kafin Magariba. Carafke da 'yar gala-gala da gaɗa ba su mutu don yara sun ƙi su ba, wurin yi suka rasa.

6. Makullin firamare

Washegarin Asabar ɗin nan, bayan Asuba, na tari dattijon nan maƙwabcinmu a ƙofar masallaci. Na gaishe shi, na tambayi mai jiki, sannan na ce, "Baba, maganar yaron nan ta hana ni barci." Ya ce, "Ni ma haka, ɗana. Ka san a filin nan na fara ganin uwar 'ya'yana, ranar wata kokawa."

Muka je wurin mai unguwa tare. Ya saurare mu, ya aika aka kira hedimastan firamaren da ke bayan layinmu. Malamin bai ɓoye tsoronsa ba. Ya ce an taɓa buɗe wa matasa filin, aka fasa tagogi, aka ɓalle ƙofar aji biyu, shi aka tuhuma. Ya ce ba zai ba da makulli ba sai da izini daga sama, da sunayen manya uku da za su tsaya, da alkawarin biyan duk abin da ya lalace. Dattijon ya ce a fara rubuta sunansa. Wani tela a layinmu ya ɗauki nauyin ƙwallo biyu, matar mai unguwa ta ce ita da malamar Islamiyya za su riƙe ranar Alhamis ta 'yan mata. An rubuta takardar, mai unguwa ya buga hatimi, ni aka ba in kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ranar Litinin. Sauran makonni huɗu a koma makaranta.